Na Kaya Ne Ko Na Iyali?

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Kakanninmu shanu suka biyo har suka yada zango tsakanin Gwarzo da Kabo. Fillanci ya tsere mana tun zamanin iyayenmu, shanun ma suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da fartanya da dogon hanci. Ruwa kuwa shi ya zo ya same mu har gida. Tun kafin a haife ni aka datse kogin aka yi dam, ruwa ya cika kwari, ya miƙo wani reshe ya ratsa tsakanin unguwarmu da unguwar da yayar Inna take aure. Yakumbo muke ce mata. In ka tsaya a bakin ruwa ta wajenmu, kana hango kwanon ɗakinta idan rana ta haska shi.

Lokacin da Inna take da ƙafarta, ruwan nan bai taɓa hana ta zumunci ba. Da rani takan bi ta sama inda ya janye, ta tattare zani ta taka laka ta haye. Da damina ta hau babur a zagaya da ita ta titi. Ana nan sai ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, asibiti ma suka yi nasu, ta miƙe, amma da sanda, tana jan ƙafar hagu. Ni nake zuwa daga Kabo, inda nake aure, in yi mata wanka da kitso duk ranar Juma'a, saboda haka ni na san iyakar ƙafar nan: ba ta ɗaguwa daga ƙasa fiye da tafin hannu. Babur ya fi ƙarfinta. Mota ba ta shiga unguwar su Yakumbo, hanyar 'yar siririya ce tsakanin gonaki da kwazazzabai. Kwalekwalen masunta kuwa sai ka tsuguna a cikinsa, ita kuma ta yi ban kwana da tsuguno.

Yakumbo ta girme ta da nisa. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, daga ɗaki sai bakin ƙofa. Su bakwai uwarsu ta haifa, su biyun nan suka rage. Mun gwada haɗa su ta waya. Inna tana ta sallama, Yakumbo tana can tana tambayar jikokinta wai me za ta yi da wannan abin da aka manna mata a kunci. Shekara huɗu suka yi a haka, wannan tana gefe, waccan tana gefe, ba wadda ta taɓa hannun 'yar'uwarta.

Sai in faɗi yadda Inna take da Yaya, don in ba a san wannan ba za a ɗauka dukanmu mahaukata ne. Yaya shi ne ɗanta na fari, shi yake riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Babbanku” take cewa, ko “mai gidan nan”. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta tambayarsa komai kai tsaye, ko allura ce. Da safe zai zo ya durƙusa daga waje ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In ta fito tsakar gida da sandarta, shi sai ya sunkuyar da kai har ta wuce. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, mun gaje ta tare da hancin, kuma ta fi shanun daɗewa a hannunmu. Mutane suna yaba mana a kai. Duk saƙon da zai tashi daga ɗakinta zuwa zaurensa, taku ashirin, sai ya jira ni in zo daga Kabo in ɗauka. Ni ce mai bakin gidanmu, tun ina yarinya ake ce mini ba a haife ni da birki ba.

Wata Juma'a ina tsefe mata kai ta ce, “Na ji an ce akwai mai walda a Gwarzo da yake yin wani irin jirgi mai faɗi, a kan durom, wai kamar kana zaune a tsakar ɗaki.”

Na ce na ji labari.

Ta ce, “Ki ce wa babbanku a kai jar saniyar nan kasuwar Getso. A sayo wa gida.”

Jar saniyar ita ce ta ƙarshe a cikin abin da ta gada daga ubanta. Na dakata da tsifar, na leƙo fuskarta, ta kawar da kai. Ba ta ce don in je in ga 'yar'uwata ba. A gidanmu ba a faɗin irin wannan, sai dai a gane. Ni na gane. Na ɗauka kowa ma ya gane, saboda haka na kai saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ko wasali ba. Yaya ya yi murna ƙwarai. Da ma yana da gona a ƙetaren, matarsa ma 'yar can ce, ya daɗe yana biyan masunta suna haye da shi.

Ranar da za a je zaɓe na ce sai na bi. Yaya ya ce me mace ta sani a jirgi. Na ce abin da Bafillace ya sani, muka yi dariya muka hau mota.

Wurin mai waldar yana bayan tasha, fili ne cike da ƙarafa da ƙofofi da tagogin da ba a gama ba. Can gefe jiragen suke, guda biyu, an ɗora su a kan bulo. Kowanne durom takwas na shuɗiyar roba a ƙasa, an ɗaure su cikin ƙarfe, an shimfiɗa katako a sama, an kewaye da shingen ƙarfe da ya kai mini cinya. Fenti ɗaya, faɗi ɗaya. Yaya ya shiga zagaya su. Ya ƙwanƙwasa durom ya kasa kunne, ya shafa katako, ya durƙusa ya leƙa ƙasa kamar mai duba hantsar saniya. Ni kuwa kallo ɗaya na yi na ga abin da ya raba su. Na dama shingensa a rufe yake ruf, da benci biyu, da wani ɗan ƙarfe da za ka taka ka ɗaga ƙafa ka tsallaka ciki. Na hagu bencinsa ɗaya, amma gabansa ƙofa ce mai sakata, in an zare sai ta kwanta a ƙasa ta zama gada. Mai jan ƙafa zai iya shiga ba tare da ya ɗaga ta ba.

Mai waldar ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, “Alhaji, tagwaye ne, rana ɗaya na fara su. Kuɗinsu ma ɗaya. Tambaya guda ce kawai: na kaya kake so ko na iyali?”

Yaya ya ce, “Na iyali ne.”

Wallahi sanyi na ji a raina. A kunnena iyali shi ne duk wanda yake ci daga tukunyar gidan, Inna kuma ita ce kan gaba. Na manta a bakin maza kalmar tana da wata fuskar. Namiji in ya ce iyalina ba ta jin daɗi, ba uwarsa yake nufi ba.

Mai walda ya ce, “Da ƙananan yara?”

“Huɗu.”

“To ai magana ta ƙare. Ga naka nan na dama. Wannan ko ɗan yaye ka saki a ciki ba inda za shi. Wancan mai ƙofar na masu buhuna da awaki ne. Yaro ya taɓa sakata, sai dai ka ji tsundum, Allah ya kiyaye.”

Yaya ya gyaɗa kai, ya soma zura hannu a aljihu. Na ce, “Yaya, na hagun ya fi.”

Ya juyo. “Da me ya fi?”

Maza sun kai goma, masu aiki da masu jiran aiki da masu zaman banza, duk suka zubo mini ido. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake: uwarmu ba ta iya ɗaga ƙafa. Amma in tsaya a bayan tashar Gwarzo in kwance wa Inna zani a gaban baƙin maza, in faɗi abin da ni kaɗai nake gani a wurin wanka? In ce kuma ta ƙofar awaki za a shigar da ita, bayan yanzu aka gama faɗin na awaki ne? Bakin nan nawa da ya gagari kowa, ranar ya ƙi buɗuwa.

Na ce, “Fentinsa ya fi kyau.”

Aka kwashe da dariya. Mai walda ya ce, “Hajiya, ai gwangwani ɗaya ne.” Yaya ya ce, “Na gaya miki ki zauna a gida.” Aka biya, aka kira motar a-kori-kura ta ɗauko jirgin. A hanyar dawowa na lallashi kaina cewa wataƙila shingen bai kai yadda na gani ba, wataƙila in an kawo shi bakin gaɓa zai yi ƙasa. Mutum in ya yi wauta ba ya rasa abin da zai gaya wa kansa.

Ranar da za a fara hayewa Inna ta riga kowa shiri. Ta sa atamfar da ta ajiye tun bikin autarmu, ta shafa kwalli, ta ƙulla daddawa da kuka da ɗan man shanu a kwano. Aka aro amalanken maƙwabci, muka shimfiɗa mata katifa, aka kai ta har bakin ruwa. Jirgin yana nan a ɗaure, shuɗi shar, yaran Yaya sun riga sun haye suna tsalle a kan katako. Masunta sun bar gyaran koma sun taru suna kallo.

Na kama ta ta sauko. Ta tako a hankali har ta dafa shingen. Ta dubi ɗan ƙarfen takawa, ta dubi tsawon shingen. Na ji yadda ta gwada ƙafar a ƙarƙashin zani, don jikinta yana jingine da nawa. Ƙafar ta motsa kaɗan ta koma. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙetare.

Ta ce, “Ki ce wa babbanku ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ni dai da na ga ruwan nan gabana ya faɗi. A mayar da ni.”

Yaya yana riƙe da gorar tuƙi, kansa a ƙasa. Ya ce da ni, “Ki ce mata ko motsi ba ya yi. In kuma hawan ne, sai a kama mata.”

A kama mata. Wa zai kama? Shi, da ba ta yarda ya ga tana cin abinci ba tun yana yaro? Ko masunta? Ni da matar Yaya ba za mu iya cira ta sama da shinge muna tsaye cikin laka ba, kuma ko mun iya, yadda za a ɗaga ta zani yana kwarewa a gaban jama'a, ta gwammace ƙugun ya sake gocewa. Ta miƙa wa matar Yaya kwanon ta ce a gai da mutan gidan. Muna kan amalanke muna jin ihun yara jirgi ya tashi.

A hanya na ce, “Yau sai na gaya masa. Ba tsoron ruwa ba ne, Inna, ni za ki gaya wa?”

Ta damƙe mini wuyan hannu. “Saniya ta tafi. So kike ki ce masa a ruwa ya zuba ta? Ya sayi abin da zai tsare masa 'ya'ya, ai ya yi daidai. Kada in ji.”

Nan ne wurin da ba na son zuwa in ina ba da labarin nan. Sau nawa Inna ta ce mini kada in ji, na fita na faɗa kafin ta rufe baki? Ba adadi. Wannan karon kaɗai na yi biyayya. Na daɗe ina cewa ladabi ne. Ba ladabi ba ne. Haushin dariyar da aka yi mini a Gwarzo nake ji, so nake Yaya ya gano da kansa, ya zo ya ce ashe ke ce mai gaskiya. Na riƙe maganar a ciki ina jin daɗin ɗacinta.

Damina biyu jirgin nan yana aiki. Ya kai taki ya dawo da dawa da wake. Ya kai matar Yaya gidan iyayenta suna da biki. Ya kai amaren unguwa, ya kai masu zuwa ta'aziyya, har maƙwabta suka riƙa yi wa Yaya kirari da sarkin ruwa. Daddawar Inna ta haye, kukarta ta haye, goron sallarta ya haye. Ita tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsinken zogale. Na tsani matar Yaya a lokacin, baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba, ita ce ma take kwashe wa Inna fo da asuba ba ta taɓa ɓata fuska ba. In na gan ta ta ci ado za ta hau, sai in ji kamar in tsinke igiyar. Na ji an ce jirgin mai ƙofa wani manomin albasa ya saye shi ya kai wani dam ɗin can wajen Karaye. Na riƙa kwana ina tunanin awakinsa suna takawa suna shiga a tsanake.

Da Yaya kuwa kullum cikin gugar zana nake. Keji nake kiran jirgin. In ya dawo daga gona in ce sannu da fitowa daga keji. Ran nan da hantsi, ana sussukar gero a ƙofar gida, ya gaji ya ce, “Wai ke me jirgin nan ya tsare miki? Ya taɓa yoyo? Ya taɓa kifewa?”

Na ce, “Na hagun ya fi.”

“Shekara guda kina na hagu, na hagu. Da me ya fi?”

“Ka fi ni sani.”

Ya kaɗa kai ya ce Allah ya shirye ni. Na tafi ina ganin na ci nasara. Bai sani ba, wallahi bai sani ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga ido ya kalli tafiyar uwarsa ba, ina zai san iyakar ƙafarta? An ce masa tsoron ruwa, ya yarda, har rubutu ya karɓo mata wurin malamin unguwa na cire tsoro. Ta shanye ta yi godiya ta bakina.

Nakan bi jirgin in je gai da Yakumbo. Zan durƙusa in sa baki a kunnenta in faɗi ko ni wace ce, ta lalubo fuskata da hannu biyu. Tambayarta ɗaya ce kullum: “Ita fa?” Yaya yana zaune a bakin ƙofa, dole kuma in ɗaga murya yadda duk gidan za su ji. Sai in ce, “Tana gaishe ki. Ruwa take tsoro.”

Farko dariya ta yi. “Ita? Wadda take ratsa kogi da maraƙi a wuya muna yara?” Daga baya ta daina dariyar. Zuwana na ƙarshe ta riƙe ni ta ƙi saki, ta ce, “An ce mini ta sayar da jar saniya ta sayi jirgi. Kowa ya hau ya zo, har mutanen da ban sani ba. Ki tambayar mini ita, ko na yi mata wani abu ne? In na yi, ta yafe mini, na tsufa, ba na tunawa.”

Na kai saƙon. Wannan kam da na sani na haɗiye shi. Inna ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Na zauna a bakin gado na ce, “Inna, bari in faɗa masa.” Ta girgiza kai. Na tashi na koma Kabo na dafa wa mijina tuwo.

Bayan sati uku, ranar wata Talata da sassafe, aka bugo mini waya Yakumbo ta cika. Kafin in iso gida Yaya da mazan unguwa sun haye jana'iza. Na tarar da Inna zaune a bakin gado da mayafinta a jiki, takalmi a ƙafa, carbi a hannu. Ba inda za ta, ta dai shirya. Har azahar ba ta cire mayafin ba.

Da la'asar Yaya ya dawo. Ya durƙusa daga waje ya yi mata gaisuwa, ta amsa wa bango. Na bi shi zaure. Ya ce, muryarsa a dushe, “Da za ta daure ta cire tsoron nan ko na kwana ɗaya ne, mutane suna ta tambaya.”

Nan birkin ya tsinke. Na ce ba tsoro ba ne, bai taɓa zama tsoro ba. Na ce ƙafarta ba ta ɗaguwa, na nuna masa da hannuna iyakar inda take kaiwa. Na ce saniyar ubanta ta sayar don ta je ta ga 'yar'uwarta, kai kuma ka saya wa matarka da 'ya'yanka keji. Na ce Yakumbo ta mutu tana zaton ƙanwarta gaba take yi da ita. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ina jira ya yi faɗa, don faɗan nake so.

Ya tsaya yana kallon hannuna. Can ya ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun a Gwarzo.”

“Tun a Gwarzo,” ya maimaita. “Kika ce fenti.”

Ya zauna a kan buhun wake ya rufe fuska da hula. Tun rasuwar Baba ban ga hawayensa ba sai ranar.

Washegari kafin hantsi na ji ƙarar babur. Yaya ne ya goyo mai waldar nan, da ɗan janareto a tsakaninsu da injin yankan ƙarfe. Na bi su bakin ruwa. Mutumin ya auna gaban shingen da ido, ya ja layi biyu da alli, ya tayar da inji. Ya yanke, ya liƙa maƙalai a ƙasa, ya ɗaura katako biyu, ya sa sakata. Ina tsaye ina kallo. Ban gama cin goron da ke bakina ba ya zare sakatar, ƙofa ta kwanta a kan gaɓa.

Yana naɗe wayar injinsa ya ce, “Alhaji, ai da kun ce da tsohuwa a ciki, tun ranar zan yanka muku, ko sisi ba zan ƙara ba. Sai a sa kwaɗo saboda yara, shi ke nan. Ku kuka ce iyali.”

Shekara biyu ina haƙilon wane jirgi ya fi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ƙarfe ne, mutum ya haɗa shi, mutum zai iya yanka shi. Hankalina yana can wajen na hagu, wajen in ci gardama. Yaya ya miƙa masa kuɗi, ya ce a bar shi sadaka ga mamaciya.

Aka sake aro amalanke. Wannan karon ba atamfa, ba kwalli, ba ƙullin daddawa. Inna ta sauko, ta dafa kafaɗata, ta ja ƙafar a kan katako, taku biyar ta isa benci ta zauna. Yaya ya kafa gora ya tura. Ruwan lumui, sai ƙarar durom yana shan iska a ƙarƙashinmu. Ba ta riƙe shinge ba, hannuwanta suna kan cinya, tana kallon gaba. Da gaban jirgin ya taɓa laka ta can, ta waiga ta dubi inda muka baro, amalanken ma bai gama juyawa ba.

Ta ce, “Ashe kusa ne.”

Ba da ni take ba, ba da shi ba. Yaya ya ajiye gorar ya zare sakatar.

Inna ta shiga ɗakin Yakumbo, an riga an naɗe katifa an jingine ta. Mata suka matsa mata. Babbar 'yar Yakumbo ta rungume ta tana kuka, ta ce, “Inna, kin cire tsoron?” Inna ta ce, “Na cire.” Ta zauna a kan kujera a gefen gadon ƙarfen, ta ɗora tafin hannu a kan wayoyinsa. Kwana shida ta yi a ɗakin nan har aka yi addu'ar bakwai, sannan muka dawo da ita.

Ba ta sake hawa jirgin ba. Yaya ya sha aiko ni in tambaye ta ko tana son zuwa wani wuri, ta ce wurin wa. Ni da shi muna gaisawa, muna zumunci, 'ya'yanmu suna kwana ɗaki ɗaya in an yi hutu, amma maganar jirgi ba ta sake haɗa mu ba. Har yau ina jin haushinsa, mutum ya kai shekara hamsin bai san yadda uwarsa take taka ƙasa ba. Ina jin haushin kunyar nan da ake yaba mana. In wata ta ce mini gidanku akwai kara, sai in ji kamar ta zage ni. Haushin kaina kuwa ya fi duka, shi ba ni da wanda zan yi wa gugar zana a kansa.

Ƙofar tana nan a gaban jirgin. Kwaɗon ya yi tsatsa, makullin ya ɓata, Yaya ya naɗe sakatar da waya saboda yara.